Ɗinkin Littafin Likita

A rumfata ta Farin Gada,
inda nake ɗinke littattafan da suka gaji,
Likita Ɗankaka ya zo da sassafe cikin rigar sanyi biyu,
ya dire wani ƙato a kan bencina,
bango ya ɓare, zare ya saki.
"Tanimu, ka lallaɓa shi, ya girme ka.
Daga Foland na goyo shi, shekarar da na gama karatu."

Ban san harshensu ba.
Baƙaƙen irin namu na boko,
sai dai an yi wa wasu jela, wasu tsage.
Na bi hotuna, kamar yaro.

Ga mahaya da fukafukai a gadon baya,
itace aka lanƙwasa, aka jera gashin tsuntsu,
māshi ya fi raƙumi tsawo.
Ga wasu can gefe, ba sulke, ba nauyi,
kwari da baka, igiya a ɗamare,
mutum ɗaya, doki uku.

"Tatar ke nan," in ji Likita, yana hura shayinsa.
"Sai kogi ya daskare su taka shi kamar daɓe.
Ba gari suke so ba, ba gona ba,
masu noman suke kwasa,
a ɗaure su wuya da wuya zuwa kasuwar bakin teku.
Waɗancan kuwa su kewaye kansu da amalanke,
su sarƙe ƙafa da ƙafa, su leƙa da bindiga.
Mai gadi ya hango ƙura, ya kunna wuta a kan tudu,
tudu ya gaya wa tudu.
Bana a kore su, baɗi su dawo.
Kaka ya mutu a ciki, jika ya gāda."

Na ɗaga kai na dubi duwatsun Shere.
Ban ce komai ba.
Mu ma mun san hayaƙi mai magana.

Ya buɗe can wajen ƙarshe da kansa.
Wani ɗan gini na katako, kore shar,
da jinjirin wata a bisa.
"Nan na yi Idi guda biyu.
Jikokin Tatar ne, waɗanda suka zauna,
suka ɗauki takobi a ɓangaren Foland,
suka harbi masu kama da su.
Limamin ya ba ni dankali da man shanu,
sunansa rabi nasu, rabi namu.
Na tambaye shi, kai na wane ne?
Ya nuna mini maƙabarta."

Likita ya tafi asibiti. Aka bar ni da allura.

Kwali na nema na sabon bango,
sai na tuna Chollom ne mai yanka mini shi,
rumfarsa jikin tawa, shekara goma sha ɗaya,
wuƙa ɗaya muke wasawa a dutse ɗaya.
Tun shekarar dokar hana fita ya koma Kabong.
Tafiyar naira ɗari biyu ce a keke.
Muna gaisawa ta waya, in an yi rasuwa.

Shafi na ɗari da tara ya rabe gida biyu.
Masu fukafukai a dama, masu baka a hagu,
tsagar ta bi ta kan wata mata
da mai zanen ya saka don cike wuri,
tana jan akuya, tana waiwaye,
ba a rubuta sunanta a ƙasa ba.
Ita na fi daɗewa a kai.
Na shafa gam da gashin kaza,
na haɗa kafaɗarta da hannunta,
na ɗora dutsen guga, na jira.

Da la'asar na rufe rumfa.
Kwalin da ke hannuna bai da ƙwari,
littafi irin wannan sai mai kauri.
Na tsayar da mai keke.
Ya ce, "Ina zuwa?"
Na ce masa Kabong.